Amsoshin Tambayoyinku: Tsuntsu Mai Doguwar Jela a Kurmi

Jama'a masu sauraro, assalamu alaikum. Wasiƙarmu ta farko ta fito daga wani malami a Kagoro, jihar Kaduna. Ya ce a kurmin bakin rafi yana ganin wani ɗan tsuntsu mai baƙin kai da tukku, jikinsa ja-ja, jelarsa doguwa kamar zare. Shin zalaiɗu ne?

Malam, mun gode. Ba zalaiɗu ba ne, ko da yake jelar kan ruɗi mutum. Zalaiɗu tsabar ciyawa yake ci a fili, kuma a sheƙar wasu tsuntsaye yake zuba ƙwansa. Wanda ka gani masana na kiransa Terpsiphone viridis, kuma ƙwari ne abincinsa: ƙuda, malam-buɗe-littafi, shinge, tsutsa da gizo-gizo.

In ka sake ganinsa, dubi idonsa, za ka ga shuɗin zobe ya kewaye shi. Bakin ma shuɗi-shuɗi ne, mai faɗi daga gindi, da 'yan gasu masu tauri a gefe. Jikinsa bai wuce santimita 17 ba, amma gashi biyu na tsakiyar jelar namiji kan kai tsawon jikin ko su fi. Macen ba ta da su. Akwai kuma mazan da bayansu da jelarsu farare ne fat, duk iri ɗaya ne.

Farautarsa abin kallo ce. Yakan zauna a reshe cikin inuwa, ya zabura ya cafke ƙwaro a iska, ya dawo mazauninsa. Wani lokaci sai ya baza jela yana tsalle cikin ganye, ƙwarin da suka ɓuya su tashi. A can arewa kuwa, da damina aka fi ganinsa, yana bin ruwa saboda lokacin ne ƙwari ke yawa.

Sai wata baiwar Allah daga Jos, ta ce yara sun tsinci ɗan irin tsuntsun nan a ƙarƙashin mangwaro, ko ta ba shi gero?

Hajiya, don Allah kada ki ba shi. Cikinsa ba ya narkar da hatsi, zai mutu. Kada kuma a ɗura masa ruwa a baki, yana iya sarƙewa. Ki duba jikinsa tukuna. In gashi ya rufe shi, yana iya kama reshe, to ya bar sheƙa ne da kansa, iyayensa na kusa. Ki ɗora shi a reshe inda kyanwa ba za ta kai ba, yara su ja baya. In kuwa tsirara yake, a nemi sheƙar a mayar da shi. Zancen cewa iyaye na guje wa ɗan da hannun mutum ya taɓa ba gaskiya ba ne.

Neman sheƙar sai da haƙuri, don ba ta fi ƙaramin kofin shayi ba. Tana nan inda siririn reshe ya rabu biyu, an saƙa ta da zaren ciyawa, an ɗaure da saƙar gizo-gizo. Ƙwai biyu zuwa uku suke yi, uwa da uba na karɓa-karɓar kwanci wajen mako biyu. Muddin 'ya'yan na ciki, a dakata da fesa maganin ƙwari a bishiyar, domin abincinsu ake kashewa.