Ranar da Habasha ta kai kuka Jeneba

Assalamu alaikum jama'ar Damagaram da duk masu kallonmu.

Lokacin da Yaƙin Duniya na Ɗaya ya ƙare a 1918, Zinder ce fadar mulkin Faransa a Nijar, kuma cikin waɗanda suka mutu a ramukan yaƙin Turai har da samarin da aka kwasa daga Afirka ta Yamma. Duniya ta ga jini har ta ƙoshi. Shugaban Amurka Woodrow Wilson ya dage a kafa zauren da ƙasashe za su riƙa sasantawa kafin a kai ga bindiga. A 1920 aka kafa shi, mazauninsa Jeneba a ƙasar Suwizalan. Ƴan lakol sun san shi da SDN, wato Ƙungiyar Ƙasashen Duniya.

Tun daga tushe aka samu tangarɗa. Majalisar dattawan Amurka ta ƙi amincewa, don haka mai kiran taron bai zo taron ba. Ƙungiyar kuma ba ta da sojan kanta.

Habasha ce ta tona asirin. Mamba ce tun 1923, amma a Oktoban 1935 sojojin Mussolini na Italiya suka afka mata, har da iskar guba daga jiragen sama. An sa wa Italiya takunkumi, sai dai ba a taɓa man fetur ba, ba a kuma rufe mashigin Suez da jiragenta ke bi da makamai ba. A Yunin 1936 Sarki Haile Selassie ya tsaya da kansa gaban taron Jeneba yana neman a cika alkawari, ƴan jaridar Italiya na yi masa ihu. A watan da ya biyo baya aka ɗage takunkumin. Wannan abin kunya ne, Ingila da Faransa sun zaɓi lallashin Mussolini a kan haƙƙin mai rauni. A 1939 wani yaƙin ya ɓarke, wanda ya fi na farko muni.

A 1945 aka kafa Majalisar Ɗinkin Duniya. Don kada manya su sake gujewa, aka ba ƙasashe biyar ikon hawa kujerar na-ƙi a Kwamitin Sulhu. Nijar ta shiga a 1960, ta kuma zauna a kwamitin a 2020 da 2021, ba tare da wannan iko ba. Tun 2005 Tarayyar Afirka ke neman kujeru biyu na dindindin, har yau ba a ba ta ko ɗaya ba.