Sayen Gida a Ingila: Abin da Ya Kamata Lauyanka Ya Ji Daga Bakinka

An rubuto wannan ne daga faifan wata lacca da aka gabatar wa Hausawa mazauna Ingila.

Assalamu alaikum warahmatullah. Iyayenmu maza da mata, 'yan uwa, sannunku da zuwa. Maganata za ta tsaya a kan Ingila, don Scotland tsarinsu daban ne, Wales kuma harajinsu daban.

A gida, idan mai gida ya ce "na sallama", dillali ya haɗa hannuwanku a gaban shaidu, ciniki ya faɗa. Nan kuwa mutum zai karɓi tayinka yau, bayan sati shida wani ya ɗora fam dubu biyar a kai, ya sayar masa, kuma babu kotun da za ta saurare ka. Dokar 1989 ta ce cinikin gida ba ya ƙulluwa sai a rubuce da sa hannun ɓangarorin biyu. Saboda haka ranar da za ka sa wa ido ita ce ranar da lauyanka da na mai gida za su yi musayar takardun yarjejeniya. Ranar ake biyan kafin alƙalami, galibi kashi 10 cikin 100, kuma daga nan idan ka janye kuɗin sun tafi. Kafin wannan rana kada ka ce wa mai gidan hayarka za ka tashi.

Tsakanin karɓar tayi da karɓar makulli akan ɗauki wata uku zuwa huɗu, wani lokaci fiye. Mutanenmu sukan ce lauya yana jan ƙafa. Akwai masu ja, ban musa ba, amma yawanci jira yake yi. Ya ciro takardun gidan daga ofishin rajistar filaye na gwamnati, wanda aka kafa tun 1862. Ya tambayi ƙaramar hukuma ko ɗakin da aka ƙara a baya an yi shi da izini, ya bincika hanyar ruwa da lambatu da haɗarin ambaliya. A irin su Yorkshire da Lancashire har sai an duba ko akwai tsohon ramin haƙar kwal a ƙarƙashin gidan. Amma ku sani, lauya ba ya zuwa ya ga gidan da idonsa. Wanda banki ya turo kuma ƙimar gidan ya zo yi wa banki. Tsagewar bango da yoyon rufi, sai ka ɗauki naka mai duba gini.

Idan fulat ne, tambayi shekara nawa suka rage a takardar, don yawancinsu haya ce mai dogon zango, ta shekara 99 ko 125 ko 999. Da zarar ta sauko kusa da 80, sabuntawa tana tsada, bankuna kuma su fara ɗari-ɗari.

Yanzu ga inda na fi so ku buɗe kunne. Lauya zai tambaye ka inda ka samo kuɗinka, fam bayan fam. Na san abin yana yi mana ciwo, sai ka ji kamar ana tuhumarka da sata. Dokar hana halatta kuɗin haram ta 2017 ce ta tilasta masa, idan ya yi sakaci lasisinsa ne a kan siraɗi. Hajiya, na ga kina murmushi, e, har da adashi. Adashi halal ne, amma idan kwasarki ta zo a jaka, fam dubu takwas tsaba, kika zuba a banki, me za ki nuna? Ku riƙa zubi ta banki, uwar adashi ta ajiye sunaye da kwanan wata. Idan Yaya ne ya turo gudummawa daga Kano, zai sa hannu cewa kyauta ce ba bashi ba, kuma ba shi da kaso a gidan, ya kawo fasfo da bayanan asusunsa. Wanda kuma ya bi ta hannun ɗan canji, aka ba da naira a Wapa, wani baƙon suna ya turo fam a nan, ya jawo wa kansa doguwar magana. Ka faɗa wa lauya duk wannan a satin farko, kada ya tsinto shi da kansa ana saura kwana uku.

Sai harajin sayen gida. Daga Afrilun 2025, mai sayen fari ba ya biyan komai a kan fam 300,000 na farko, muddin gidan bai wuce 500,000 ba. To amma mai sayen fari a wurin hukumar haraji shi ne wanda bai taɓa mallakar gidan zama ba a ko'ina a duniya, ko da ta gado ne. Kason da ka samu a gidan marigayi Baba a Zariya zai iya fitar da kai. Idan kuma kai ko matarka kuna riƙe da gida a can wanda ya kai fam 40,000, ana iya ɗora muku ƙarin kashi 5 cikin 100 na mai gida biyu. A gidan 250,000, fam 12,500 ke nan a kan harajin asali. Wani zai ce wa zai sani? Kai za ka amince da takardar da ake miƙa wa hukumar haraji cikin kwana 14, kuma ƙarya a cikinta laifi ne.

Akwai tambaya guda a fom da ma'aurata ke cikewa cikin minti ɗaya, alhali ta shafi gado. Mallakar haɗin gwiwa iri biyu ce. A ta farko, idan ɗaya ya rasu gidan gaba ɗaya ya zama na wanda ya rage, wasiyya ba ta taɓa shi, iyayen mamacin da 'ya'yansa ba su da komai a ciki. A ta biyu kowa da kasonsa, kason mamaci kuma ya bi wasiyyarsa. Mai son a raba masa gado bisa Shari'a, ta biyun ce ke ba shi hanya, sannan lallai ya rubuta wasiyya, in ba haka ba dokar Ingila ce za ta yi rabon. Masu guje wa riba da ke bi ta bankin Musulunci kuma, ku fara tabbatarwa bankin ya yarda da lauyan da kuka zaɓa.

Ranar kammalawa, wato ranar da ake biyan ragowar kuɗin gida a karɓi makulli, ta fi faɗowa Juma'a, 'yan damfara ma sun san haka. Za ka ga imel da tambarin ofishin lauyanka, wai an canza lambar asusu. Kada ka tura ko kwabo sai ka kira lambar wayar da ka sani tun farko, an karanta maka asusun baki da baki. Idan kuɗi suka isa wurin lauyan mai gida, dillali zai kira ka ka je ka karɓi makulli, rajistar sunanka kuma ta biyo baya.

Lokacin la'asar ya yi. Idan mun idar sai a kawo tambayoyi, mu fara da ɓangaren mata.