Jawabin Maraba ga Mai Girma Kwamishinan Ciniki da Masana'antu, daga Sashen Awo da Tantance Inganci

Assalamu alaikum wa rahmatullah.

Mai girma Kwamishina, ranka ya daɗe, da 'yan rakiyarka, da iyayenmu da ke wajen nan, barkanku da zuwa, sannunku da hanya. Baƙi sukan tsaya ne wajen injinan feƙe ƙarfe, inda ake ƙara da tartsatsi. Kai kuwa ka ce sai ka ga ɗakin awo. Mun gode, Allah ya saka da alheri.

Ranka ya daɗe, aikinmu a nan shi ne cewa a'a. Duk fistin ko gidan boris da aka feƙe, sai ya biyo ta hannunmu. Mu auna shi da baniya, wato ma'aunin nan mai baki biyu da ake zugewa, mu sake aunawa da maikuromita, wadda ke gane kashi 1 cikin 100 na milimita. In ya wuce iyakar da zane ya yanka, ya koma, ko da mai kaya na tsaye a ƙofa. Shi ya sa ba mu cika farin jini wajen masu feƙa ba.

Babban abokin gabarmu zafi ne. Tun 1931 duniya ta amince a yi awon tsawo a zafin digiri 20 na Salsiyas. Sandar ƙarfe mai mita 1 tana ƙaruwa da kusan maikuron 11 da rabi a kowane digiri (maikuron shi ne kashi 1 cikin 1,000 na milimita). To, a zafin bazara na 35, ta miƙe da kusan maikuron 170, fiye da kaurin gashin kai biyu. Boris ba ya yafe wannan. Da wuta ta ɗauke, na'urar sanyaya ɗaki ta tsaya, mu ma sai mu ajiye kayan awo.

Ma'aunin ma sai an auna shi. Muna gwada namu da ƴan tubalan ƙarfen nan da Johansson, mutumin Suwidin, ya ƙirƙiro, su kuma tubalan lokaci-lokaci a kai su a tantance, kamar a cibiyar awo ta ƙasa da hukumar kula da ingancin kayayyaki ta ƙasa, SON, ke da ita a Enugu. Tafiya ce mai nisa, kuma aiki yakan jira.

Saboda haka kukanmu biyu ne: tsayayyar wuta ga ɗakin nan, da wurin tantance ma'aunai kusa da mu, wanda masu sana'ar Panteka ma za su amfana da shi.

Bismillah, ranka ya daɗe, mu shiga. Ga safar hannu nan, domin ɗumin tafin hannu kaɗai ya isa ya sauya tsawon tubalan.