Darasin sauraro: waƙoƙin da Samuel Barber ya tsara tun yana saurayi

Assalamu alaikum jama'a, barkanmu da sake haɗuwa. Yau Amurka muka nufa, wajen wani bawan Allah mai suna Samuel Barber, kuma duk wanda yake da abin sawa a kunne ya ɗauko shi don wannan kiɗan ba ya jin daɗi a cikin hayaniyar titi.

To da farko wace irin waƙa ce muke magana a kai? Kun san a wajenmu sha'iri shi zai rubuta baitocinsa shi kuma zai rera abinsa. Su a wannan fanni aikin raba shi ake yi, wani ya rubuta baitocin, wataƙila ma ya daɗe da mutuwa, sai mai tsara kiɗa ya zo ya ɗora musu karin murya, ya rubuta abin da mai fiyano zai buga, sai kuma mutum na uku ya tsaya ya rera. Murya ɗaya, fiyano ɗaya, shi ke nan, babu ganga babu 'yan amshi.

An haifi Barber a 1910 a garin West Chester na jihar Pennsylvania, babansa likita ne. Ƙanwar ko yayar uwa dai, wato innarsa Louise Homer, shahararriyar mawaƙiya ce a gidan opera (wasan kwaikwayon da ake yi da waƙa) na Metropolitan da ke New York, mijinta Sidney Homer kuma tsara waƙoƙi yake yi, kun ga abin a gida ya tarar. Yana shekara tara ya rubuta wa mamansa wasiƙa cewa shi fa kiɗa aka yi shi ya tsara, a daina tura shi wasan ƙwallo. Yana shekara 14 ya shiga makarantar Curtis a Philadelphia, a 1924, yana koyon fiyano da tsara kiɗa da kuma rera waƙa. Wannan na ukun ku riƙe shi, don shi ne darasin namu gaba ɗaya. Mutumin nan mawaƙi ne da kansa, muryarsa irin ta maza mai matsakaicin kauri, saboda haka ya san inda numfashi yake ƙarewa mutum, ya san wane harafi ne ake iya ja da wanda in ka ja shi sai ka shaƙe.

Bari mu ji ta farko, The Daisies, ta 1927, yana ɗan shekara 17, baitocin na James Stephens ne ɗan ƙasar Ayalan. Ba ta fi minti ɗaya da 'yan daƙiƙu ba.

(an sa waƙar)

Kun ji? Saurayi ne da budurwarsa suna yawo cikin furanni da safe, ba wani abu mai nauyi. Abin da nake so ku yi, in kun sake sa ta ku manta da Turancin, ku yi numfashi tare da mai rerawar kawai, duk inda ya ja iska ku ja. Za ku tarar daidai ƙarshen zance yake faɗawa, kamar mai hira. Ni kaina sai da na ji ta sau huɗu kafin na lura fiyanon ba ya yin komai sai tafiya a hankali a bayan muryar.

Akwai ta 1928 a kan baitocin Housman, wani sha'iri ɗan Ingila, ta jimamin abokai da suka rasu da ƙuruciya, mai kyau ce amma mu wuce. Wadda ta fi kama ni ita ce Bessie Bobtail ta 1934, labarin wata mata ce talaka da take tafe a kan titi tana tangaɗi tana magana ita kaɗai tana kiran Ubangiji, kuma a nan fiyanon ya daina rakiya ya koma ƙafafun matar, yana ɗingishi yana tsayawa yana sake tashi, har ka ji kamar kana tsaye bakin hanya kana kallonta ka rasa abin yi. Tsakanin ta farko da wannan shekara bakwai ne kacal, amma kai ka ce mutum biyu ne suka tsara su.

Sai Dover Beach ta 1931. A nan ya ajiye fiyano ya ɗauko masu goge huɗu, baitocin na sha'irin Ingila Matthew Arnold ne, mutum yana tsaye da dare bakin teku a Ingila yana jin igiyar ruwa tana zuwa tana komawa, yana kukan imani ya janye daga zukatan mutane kamar yadda ruwan yake janyewa. Ku kasa kunne ga gogen tun daga farko, motsin ruwan ne suke yi. Kuma abin daɗin, a 1935 Barber ya shiga situdiyo ya rera ta da bakinsa aka naɗa a faifai, yana nan a YouTube, sautin ya tsufa yana ɗan ƙara amma shi nake so ku nema kafin na kowa.

Aikin gida: ku ji wannan faifan da takarda a hannu, duk inda ya ja numfashi ku yi ɗan layi, ku ƙirga. Mako mai zuwa in Allah ya kai mu za mu gwada da na wani mawaƙin mu ga ko lissafin zai zo ɗaya, sannan mu shiga wasu waƙoƙi guda uku da Barber ya yi a kan baitocin James Joyce, marubuci ɗan Ayalan. A huta lafiya.