Adashi a Faransa, asusu a gida

Salamu alaikum mutanen Daura. Ku yi haƙuri da ƙarar motoci, a bakin titi nake, nan birnin Faris.

Jiya da daddare Baba ya kira ni, ya ce yau suna da tantancewar 'yan fansho. Dattijo ya haura saba'in, ya yi shekara 35 yana aiki, zai wuni a layi cikin rana don a tabbatar yana raye. Wallahi ban yi barcin kirki ba.

Kun ga wannan titin? A 2023 shara ce tsibi-tsibi a kansa. Masu kwashe ta sun shiga yajin aiki saboda Shugaba Macron na shirin ɗaga shekarun ritaya daga 62 zuwa 64. Shekara biyu kacal, amma mutum sama da miliyan suka fito zanga-zanga. Tsarinsu tamkar adashi ne: mai aiki ya zuba, tsoho ya kwasa, in nasa tsufan ya zo na baya su zuba masa. To haihuwa ta ragu, tsofaffi suna daɗewa, zubi ya kasa kwasa. Jamus ma haka, shekarun ritayarta sun doshi 67.

Namu kuwa asusu ne, kowa da nasa. A 2004, zamanin Obasanjo, aka kwaikwayo shi daga Chile, wadda ta fara a 1981. Tun gyaran 2014 ana cire kashi 8 daga albashinka, wurin aikinka ya ƙara kashi 10. Ban raina shi ba, ko ba komai kuɗin da sunanka suke. Amma Yaya ya nuna mini nasa a waya yana murna, na ce ya lissafa buhun gero nawa za su saya yanzu da Naira ta faɗi. Shiru ya yi. Su kansu mutanen Chile sun cika tituna a 2016 suna cewa abin da ake biyansu ba ya kai su ƙarshen wata.

Wanda ya fi damuna Kawu ne, da ke kai tumaki kasuwar Mai'aduwa. A 2019 Buhari ya ƙaddamar da fanshon masu sana'ar hannu da ƙananan 'yan kasuwa. Na tambayi Kawu, ko labari bai ji ba. Fanshonsa 'ya'yansa ne, biyu kuma ba su da aiki.

Bari in sauka tashar jirgin ƙasa. Bayan la'asar zan kira Baba in ji ko layi ya zo kansa.