Hasken La'asar a Jikin Gobarau

Ina da wasu hotuna biyu. Duka Hasumiyar Gobarau ce, a nan cikin birnin Katsina, kuma waya ɗaya ce ta ɗauke su. Na farko da tsakar rana aka ɗauka, bangon ya fito sumul kamar an shafe shi. Na biyu kuwa da la'asar sakaliya ne, rana ta karkata, kowane tudu da kwari na yaɓen ya samu inuwarsa. Sai a nan za ka ga tsufan ginin.

Ita kyamara haske kaɗai take gani. Kusan shekara 1000 da suka wuce, masani Ibnul Haisam ya yi bayani a Alƙahira cewa in haske ya ratsa ƙaramar kafa ya shiga ɗaki mai duhu, surar abin da ke waje takan bayyana a bango, kai a ƙasa. Wanda ya taɓa kwanciyar rana a ɗakin da ƙyaurensa ke da huji, wataƙila ya ga haka bai kula ba. Wahalar ita ce a riƙe surar kada ta gudu. Sai wajen 1826 wani mutum mai suna Niépce ya iya, a Faransa, da farantin ƙarfe da ya shafa wa wani irin kwalta, ya bar shi yana shan haske aƙalla awa 8.

A 1838 wani Bafaranshe mai suna Daguerre ya ɗauki hoton wani babban titi a Paris, mai cike da mutane da kekunan doki. Da hoton ya fito, titi wayam. Ɗaukar ta ci mintoci, duk abin da ke motsi ya ɓace. Wani mutum ne ya rage a kusurwa, ya ɗora ƙafa ana goge masa takalmi. Wataƙila bai ma san ana ɗaukarsa ba, tsayuwa kawai ya yi.

Yau kyamara na iya kama dokin da ya sako a guje a Ƙofar Soro ranar hawan sallah, har da ƙurar kofatonsa. Don haka zaɓin wanda zai rage a hoto ya dawo hannunka. Kowa wajen laimar Sarki yake miƙa waya, kuma ba laifi. Amma ni idona ya fi tafiya gefe: zagin da gumi ya jiƙe wa riga, yaron da ya ɗare katanga, mai fura da ta manta da ciniki. Ku ɗauko tsohon hoton kakanninku ku gani, sau da yawa hular da aka sa da keken da ke jingine a baya ne ke tsayar da ku.

In za ku Gobarau, ku bari a sallace la'asar tukuna. Ku tsaya yadda rana za ta bugi bangon daga gefe, kada ku ba ta baya.