Jawabin Maraba ga Mai Martaba Sarki a Gidan Tarihin Ma'adinin Zaiba na Almaden

Bismillahir Rahmanir Rahim. Assalamu alaikum wa rahmatullahi wa barakatuhu.

Mai Martaba Sarki, Allah ya ja zamaninka. Hakimai da 'yan majalisar da suka rufa maka baya, masu kula da wannan gida da suka buɗe mana ƙofa, 'yan uwa Hausawa mazauna Sifaniya, ɗalibai da 'yan kasuwa, a madadinmu duka ina yi wa Sarki barka da sauka, sannu da hanya.

Ranka ya daɗe, mun san baƙo irinka Madrid ake kai shi, ko Kurɗuba da Garnaɗa ya ga abin da Musulmin Andalus suka bari. Mu kuwa sai muka jawo ka ɗan garin nan na lardin Ciudad Real, wanda mutanensa ba su kai 6,000 ba. Da gangan muka yi. A ƙasarka ana haƙar zinariya, kuma a galibin wuraren da talaka ke haƙar zinariya da hannu, zaiba tana nan, wadda yaranmu ke kira makuri. Nan ne mahaifarta.

Sama da shekara 2,000 aka yi ana fasa dutse a ƙarƙashin inda muke tsaye. Rumawa sun haƙa, Larabawa sun haƙa, sarakunan Sifaniya suka gada. An ƙiyasta tan 250,000 na zaiba ya fito daga nan, wajen kashi ɗaya cikin uku na duk wadda ɗan Adam ya taɓa haƙowa. Jan dutse ne ake gasawa a tanda, zaibar ta tashi kamar tururi, ta bi ta jerin tuluna na yumɓu, ta huce, ta taru ruwa. Za ka ga irin tandar da aka fara aiki da ita a 1646.

Darajarta ta tashi ne bayan 1554, lokacin da Bartolome de Medina ya gano a Meziko yadda ake fisgo azurfa daga dakakken dutse da zaiba. Daga nan aka riƙa ɗura ta a salkunan fata, alfadarai da amalanken shanu su kai ta birnin Sabiya, jiragen ruwa su tsallaka teku da ita. Attajiran gidan Fugger na Jamus suka karɓi hayar ramin daga 1525 zuwa 1645. Da leburori suka yi ƙaranci, sai aka kawo musu fursunoni da bayi. Kurkukunsu har hanyar ƙarƙashin ƙasa gare shi zuwa cikin rami, don kada mutum ya samu kafar gudu.

Amma Zaki, inda muke roƙon ka daɗe a tsaye shi ne asibitin mahaƙa na San Rafael, wanda aka gina a ƙarni na 18, yanzu ya zama ɗan gidan tarihi. Ba shi da girma, kayansa ma ba na ƙawa ba ne. Can za ka ji labarin mutanen da hayaƙin zaiba ya shiga jikinsu: hannu ya kama karkarwa har mutum ya kasa kai loma baki, dasashi ya kumbura, haƙora su zube, yawu ya yi ta dalala, hankali ya gushe. Akwai wani akwatin katako da ake saka majinyaci a ɗumama shi ya yi zufa, wai ko gubar ta fita. Mutanen garin nan ba su ɓoye wannan ba. Da suka rufe aikin a farkon shekarun 2000, suka gyara wurin don baƙi, asibitin da kangon kurkukun suka bari a gani tare da injuna. A 2012 hukumar UNESCO ta sa shi cikin kayan tarihin duniya, shi da garin Idriya na Sulobeniya.

A gida kuwa, ranka ya daɗe, yaro zai cuɗa zaiba da garin dutse da tafin hannunsa, ya matse a tsumma, ya ɗora curin a kan garwashi, zaibar ta ƙone ta bar zinariya, shi kuma yana sunkuye yana shaƙa. Wani a tsakar gida yake yi, kusa da murhun uwargida. Mun ga abin da gubar dalma ta yi wa yaran Zamfara a 2010. Zaiba guba ce daban, a hankali take cin mutum, tana taɓa ƙwaƙwalwa da ƙoda da ɗan da ke ciki. Najeriya da Nijar duk suna cikin yarjejeniyar Minamata ta 2013 kan rage ta, sai dai takarda ba ta sauka rami. Maganar Sarki ita ke sauka.

Roƙonmu ƙarami ne. Akwai 'yar tukunyar ƙarfe mai murfi da bututu da ake ƙona curin a ciki, hayaƙin ya huce ya koma zaiba, a sake amfani da ita. Maƙeranmu za su iya ƙera ta. Idan Sarki ya umarci dagatai da masu unguwanni su hana ƙonawa a cikin gidaje, a ware fili bayan gari, a hana yara da masu juna biyu kusantar wurin, an rage ɓarna mai yawa.

Yanzu jagoranmu zai ba kowa hular kwano da fitila. Za a sauka mita 50 ta rijiyar San Teodoro, wanda bai son sauka ya jira mu a inuwa. Daga nan sai asibitin, sannan sallar Azahar da ɗan abin taɓawa.

Allah ya ƙara wa Sarki lafiya da nasara, ya mai da ku gida lafiya. Bismillah, ranka ya daɗe, ga hanya.